Jitar da ke Cikin Buhun Albasa

Asata, Inugu.

Zuwa ga ɗana Abba,

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya fitar da mu daga garin nan da rai, ya kuma dawo da mu cikinsa da rai. Gaisuwa da sa albarka daga gare ni da innarka da ƙannenka. Allah ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya cikin mota, ya tsare ku daga ramukan hanyar Anaca da gadojin da yaƙi ya raunata, ya tsare direbanku daga gyangyaɗi da gaggawa. Ni na ce masa kada ya miƙa maka ita sai kun bar gari. Na san halinka, in a tasha ka karanta, sauka za ka yi ka dawo ka durƙusa a gabana, ni kuwa ba zan iya kallon idonka in faɗi abin da ke cikinta ba. Sunan mahaifina aka sa maka, ko sunanka na yanka bakina bai taɓa kamawa ba, balle doguwar magana irin wannan.

Akwai buhun albasa a saman motar, an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Naka ne. Kada ka bari masu sauke kaya su jefo shi, kada kowa ya zauna a kai. Ba albasa ce a ciki ba, jitarka ce. Amma ka bar ta a ɗaure sai ka kai ƙarshen karatun nan.

Ka zo ka same ni a rumfa, kanka a ƙasa, ka ce za ka tafi Anaca ka taya Baffanka Garba tayar da rumfarsa, kuma ka bar kiɗa har abada. Masu kiɗan hailaif na Fatakwal da suka aiko suna nemanka, ka ce a gaya musu ba ka zuwa. A ranar na ce Allah ya yi maka albarka, har na ji daɗi. Yanzu na gane maganar ba daga zuciyarka ta fito ba, ni na tura ta bakinka ban sani ba. Ba na son ka binne abin da Allah ya ba ka saboda wautar tsoho. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in jero maka wautar tun daga farko, ka ga inda ta samo asali.

Ina kamar shekarunka na bi Baffanka Garba zuwa Fatakwal. Shi wana ne, shi ya riƙe ni, shi ya samo min dako a tashar jiragen ruwa. Can na fara shiga silima, kuma kaboyi ya shiga kaina. Na sayi malafa irin tasu, na ɗaura ƙyalle a wuya cikin zafin Fatakwal, ina tafiya ƙafafu a buɗe kamar yanzu na sauko daga doki, ni da ko jaki ban mallaka ba. Magana ma ta gefen baki nake yi. A haka na je zance wurin innarka, tana 'yar mahauci a unguwar Hausawa. Ta fito ta dube ni tun daga malafa har takalmi, ta gyara mayafinta ta ce, "Ka koma ka turo min Sule mai dako. Shi na gani yana raba faɗan yara a bakin famfo, shi nake so. Wannan na majigi ban san shi ba."

Kunyar da na ji ranar har yau in na tuna sai na sosa ƙeya. Malafar kuwa ta ƙare a kan tulun gidansu. To ka ji, zanen aro ba ya rufe katara. Duk inda ka je za ka ga gwanaye, za ka ji waɗanda ake sawa a rediyo, zuciyarka za ta ce ka murɗa murya irin tasu, ka yi tsayuwa irin tasu. Ka koya a wurinsu, koyo ba laifi ba ne. Amma mai son jin su ya san inda zai same su, ba sai ya zo wurinka ba.

Abin haushin shi ne, a wannan silimar akwai abin da nawa ne na kaina, kuma shi na yar. 'Yan'uwanmu leburori da suka zo daga ƙauyuka ba su jin Turanci, balle Indiyanci. Ni ma Indiyancin ba ji nake ba, amma ina karanta fuska. Sai in zauna a bencin baya in riƙa gaya musu abin da ake ciki: wannan ya ce kaza, waccan ta ce ba ta yarda ba, ku lura da mai gashin bakin nan, mugu ne. Inda ban gane ba in ƙara gishirina. Mutane suka riƙa rububin zama kusa da ni. Waɗanda ba su samu shiga ba kuwa, washegari sai su tare ni a zaure in maimaita musu, in yi muryar sarki, in yi ta gimbiya, in yi ta doki. Na ga ƙato mai ɗaukar buhu biyu a ka yana share hawaye saboda labarin da rabinsa ni na ƙirƙira. Ban taɓa jin ina raye kamar lokacin ba. Har mai silimar ya aiko a tambaye ni ko zan riƙe abin a matsayin aiki.

Baffanka ya ji. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai ce gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba, kuma me mutane za su ce in labari ya kai gida cewa ƙanensa ya zama mai surutu a gidan majigi. Shi ke nan. Na bari. Ba a daɗe ba na auri innarka, muka tashi zuwa Inugu, na kafa rumfar albasa da wake a kasuwar Ogbete. Ban raina albasa ba, ita ta ciyar da ku, ita ta yi muku sutura. Amma na sha zama a rumfa ina tambayar kaina, su wane ne mutanen nan da aka tsorata ni da su? Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Da yaƙi ya zo, babu wanda ya zo daga cikinsu ya tambayi ko mun ci abinci. In aka ce maka me mutane za su ce, ka tambaya a faɗa maka sunayensu. In sunan innarka na ciki, ko na wani mai tsoron Allah da ka san yana ƙaunarka, ka tsaya ka saurara. In ba a iya kawo suna ko ɗaya ba, ka yi sallama ka wuce.

Abin da aka danne ba ya mutuwa, ta wani wuri yake ɓullowa. Nawa ta ƙwallo ya ɓullo. Ka tuna kulob ɗinmu, Zakarun Asata, kana ƙarami kana bin mu fili. Ni ne manaja, ni ne koci, ni ne mai sayen lemun hutun rabin lokaci, innarka ce mai wankin jesi tana mita. Akwai 'ya'yan Hausawan Ogbete, akwai 'ya'yan Ibo na Kol Kam, unguwar masu haƙar kwal, akwai Batibi ɗaya da ke tsaron gida. A wurin nan na yi zaton na zama wani abu. Ina da usur, ina da littafin dokoki a ka, kuma ina da ra'ayi ɗaya da na riƙe kamar karatun allo: ɗan wasan kirki da dama yake bugu.

Sai Allah ya kawo min Emeka, ɗan wani mai haƙar kwal, siriri, mai dariya. Bahago ne. In ya ɗauki ƙwallo da ƙafar hagu, sai ka ga 'yan baya suna karo da juna. Kowane manaja mai hankali da ya ba shi lamba sha ɗaya, ya tura shi gefen hagu, ya koma ya zauna yana shan lemu. Ni sai na ga aibi. Mu an tashe mu a kan hagu abar gyarawa ce, yaro ya miƙo hagu a buge hannun, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ba shi lamba bakwai, na kai shi gefen dama. Wurin atisaye kuma in sa ya cire but ɗin hagu, wato takalmin ƙwallo, ya bar na dama kaɗai, don in ya yi marmarin bugu da hagu tsakuwar filin ta tuna masa. Yaron nan bai taɓa yi min musu ba. Ya dai rage dariya, wasansa ya koma irin na kowa, ni kuwa ina ta yabon kaina wai na gyara shi.

Ranar wasanmu na ƙarshe da yaran reluwe, kowa na Asata ya fito, har masu rumfa sun rufe. Ana kunnen doki, lokaci ya kusa cika, aka ba mu fenariti. Emeka ya ajiye ƙwallo. Na ga ya ja baya ta gefen da bahago ke ja, sai ya waiwayo ya dube ni a bakin fili. Na ɗaure masa fuska. Ya sauya gefe, ya buga da dama, ƙwallo ta tashi sama ta faɗa gonar rogon bayan raga. Aka sake wasan wani mako, suka cinye mu. Ni kuma, maimakon in ga laifina, na tsaya gaban 'yan wasa na ce masa ya ba mu kunya. Ya cire jesinsa ya ninke, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce, "Manaja, ƙafata ta san hanya. Kai ka ce ta yi shiru." Daga ranar bai sake zuwa fili ba, in mun haɗu a hanya sai ya gaishe ni ya wuce.

Ga darasin da ya ɗauke ni shekaru kafin ya shiga kaina. Aikin manaja ba shi ne ya mayar da mutum sha ɗaya su zama mutum ɗaya ba. Aikinsa ya gano abin da kowa ya zo da shi, ya tsayar da shi inda abin zai yi amfani. Mai gudu a ba shi gefe, mai tsawo a ba shi baya, mai taurin kai a sa shi a raga. Za ka shiga ƙarƙashin shugaba, ko a kiɗa ko a kasuwa. Ka bi shi a kan lokaci da ladabi da tsari, in ya ce a tsaya ka tsaya, don ƙungiya ba ta tafiya in kowa sarki ne. Amma in ya ce ka cire abin da ya sa aka neme ka tun farko, ka gaya masa cikin ladabi ba za ka iya ba. In wata rana kai ne shugaban, ka tuna da Emeka kafin ka gyara wani.

Kuma ba Emeka kaɗai na yi wa ba, ka fi kowa sani. Kana fara rarrafe na ga da hagu kake kai hannu. Na sa innarka ta ɗinke bakin hannun rigarka na hagu, tana yi tana hararata. Da ka shiga makaranta na bi ka da bulala har ka koma riƙe alƙalami da dama. Shi ya sa rubutunka ya zama kamar tafiyar kaza a kan gari, ni kuma na riƙa yi maka faɗa a kan munin rubutu. Da ka samo tsohuwar jitar nan wurin wani maƙwabcinmu ɗan Kol Kam, sai na ji bakina yana maimaita maganar Baffanka, kalma ba ta canza ba: gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba. Abin da aka yi min ya yi min ciwo, shi na ɗauka na yi maka, ina ganin tarbiyya ce.

Sai rikici ya tashi. Ba sai na ba ka labarin abin da ka gani da idonka ba. Jini ya zuba can, ya zuba nan, aka ce duk ɗan Arewa ya tattara ya tafi. Abin da nake so ka tuna shi ne safiyar da za mu tashar jirgin ƙasa, muna tsoron ko fita ƙofar gida. Aka buga ƙofa, na buɗe, sai ga Emeka da yaran kulob na Kol Kam, kowa sanye da tsohuwar jesinsa. Shi da ba shi da jesi, tunda tana wurina, ya ce in ba shi tasa. Suka sa mu a tsakiya, suka ɗauki kayanmu a ka, suna tafe suna waƙar da muke yi in za mu wasa, har cikin tasha. Duk wanda ya tare mu sai su ce manajansu suke rakawa. Ban samu na ce masa komai ba, jirgi ya tashi.

A cikin jirgin nan na yi maka faɗa gaban mutane. Kowa ya ɗauko tabarma ko tukunya, kai ka rungumo jita. Ni kuwa da nake faɗan, abin da na damƙe a aljihu mabuɗin rumfata ne. Duk zamanmu na Fagge a Kano, a ɗakin da dangi suka ba mu aro, mabuɗin nan na tare da ni, ina shafa shi kamar laya. Na ɗauka rayuwata gaba ɗaya tana bayan ƙofar da yake buɗewa. Da babu rumfa sai na zama ba kowa ba, in wuni a gindin bango ina sauraron rediyo ina jin sunayen garuruwan da na sani suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Kai kuwa, da yaran Kano ke tsokanarka wai Hausarka ta 'yan Kurmi ce, kai ne ka riƙe mutane. Bayan la'asar sai ka zauna a zaure kana kaɗawa a hankali don kada in ji. Ina ji. Ina bayan katanga. Na ji waƙar da ka yi a kan ruwan sama a kwanon gidajen Kol Kam, da mai tallar okpa, alalar gurjiyar nan ta Inugu, da take kiran mutane da sassafe. Na ga matar nan da aka haifa a Anaca, wadda ta daina magana tun da muka zo, ta rufe fuska da mayafi tana kuka, bayan nan kuma ta fara cin abinci. Na tuna ƙaton nan na bencin baya a Fatakwal. Na gane abin nawa ne ya dawo ta hannunka, amma girman kai ya hana ni zagayowa in zauna.

Da Allah ya kawo ƙarshen yaƙi muka dawo, na je Ogbete da mabuɗina. Mabuɗi na nan, ƙofar ce babu, rumfar ma sai da maƙwabta suka nuna min inda take. Na tsaya na yi dariya ni kaɗai har wani ya ɗauka na taɓu. Wallahi sauƙi na ji, kamar an sauke min kaya. Ga ni da rai, ga innarku, ga ku duka, babu wanda ya ɓace. Rumfa kuwa da katako da kwano aka sake ta. Idan ka tambaye ni yau me ake zuwa yi duniya, ni ba malami ba ne, amma ga abin da na gani. Bayan bautar Allah, kowa an ba shi wani ɗan abu a hannunsa da ba a ba na kusa da shi ba, don ya sauƙaƙa wa mutane zama da shi. Wani ciniki, wani ɗinki, wani ƙafar hagu. Abin da ke rataye a ƙofa ana iya ƙone shi, wannan kuwa duk inda ka gudu yana biye da kai.

To a nan ne na yi babbar wautar, kuma da kyakkyawar niyya na yi ta. Na so in nuna maka na sauko, amma bakina ya ƙi. Sai na ce bari in yi da aiki. Kana wurin ɗaukar kaya na ɗauki jitar na kai wa wani mai gyaran rediyo da kayan kiɗa a bayan kasuwa, na ce ya goge ta, ya ɗaure inda ta tsage. Ya juya ta ya ce wanda ya ɗaura tsirkiyoyin nan bai san aiki ba, an juya su, mai kauri ta koma ƙasa, siririya ta hau sama. Na ji kunya a madadinka. Na ce a raina, ashe yaron nan duk shekarun nan da karkatacciyar jita yake fama, ba wanda ya taimake shi. Na ce ya mayar da kowace inda ta dace. Na kawo maka ita tana ƙyalli, na ajiye a kan tabarmarka, na koma gefe ina jiran murna.

Ka ɗauka, ka rungume ta yadda ka saba, ka taɓa sau ɗaya. Ka daɗe kana kallonta. Ka ce, "Na gode, Baba." Ka rataye ta a ƙusa, ba ka sake taɓa ta ba. Bayan 'yan kwanaki ka zo min da maganar Anaca. Ni kuma na ce a raina, to, yaro ya girma, ya gaji da wasa da kansa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na bi ta Kol Kam neman wani mai bulo. Tun dawowarmu nake tambayar Emeka, wasu su ce ya mutu a fagen daga, wasu su ce an gan shi a wani ƙauye. Na zo wucewa ta tsohon filinmu, sai na ga yara suna ƙwallo, wani mutum a tsaye a gefe da sanduna biyu a hammata yana ba su umarni. Dariyarsa na fara ganewa. Ƙafarsa ta dama babu, daga gwiwa. Ya juyo ya gan ni ya ce da Turancin kasuwa, "Manaja, na you?" wato kai ne? Na rungume shi har muka kusa faɗuwa, ina kuka kamar yaro, shi kuwa yana ta dariya. Ya nuna ƙasa ya ce da Hausarsa ta fili, "Ka ga aikinka. Ƙafar da ka sha wahala a kanta, ita yaƙi ya ɗauke. Wadda ka ƙi, ga ta nan, ita ke kai ni kasuwa."

Muna tsaye ƙwallo ta gangaro wurinmu. Ya dogara a kan sandunan, ya lilo, ya ɗauke ta da hagu. Ta wuce yaran duka ta shige tsakanin duwatsu biyun da suka sa a matsayin raga. Sannan ya tambaye ni kai. Ya ce ina ɗan'uwansa bahago, yana kiɗa har yanzu? Ni kuma da alfahari na ba shi labarin yadda na gano an juya maka tsirkiya, na sa aka gyara. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Manaja, shi ya juya su da kansa. Haka bahago ke kaɗawa. Ka sake cire masa but."

Ban san yadda na iso gida ba. Na tambayi innarka, ta ci gaba da tsince shinkafarta ta ce, "Malam, tun ranar na sani. Da hannunsa zai iya mayar da su kafin ruwa ya tafasa. Bai mayar ba don ya ɗauka hukuncinka ne, irin na hannun riga. Jira nake ka tambaya." Gyaran gangar Auzinawa ke nan na yi, ɗana. Na je in ce maka na yarda, ka ji na ce maka a'a, kuma saboda biyayya ka haɗiye ka ce ka gode. Abin ya yi min ciwo, amma na gode wa Allah da na gane tun motarka ba ta tashi ba. Ka koyi wannan daga gare ni: in kana son mutum, ka tambaye shi kafin ka gyara masa kayansa. In kuma wanda kake girmamawa ya taka ka, ka buɗe baki ka gaya masa, wataƙila bai san ƙafarka na wurin ba. Shirunka ya kusa sa mu yi asara, ni da kai.

Jiya na sauke jitar daga ƙusa kana wurin sallama da abokanka. Na koma wurin mai gyaran, na ce a mayar da su yadda suke. Ya ce shi ba zai ɓata aikinsa da hannunsa ba. Na ce to ya matsa, ya dai gaya min wacce ke bin wacce. Na zauna a bencinsa na kwance su, na ɗaura su a juye, da hannuna, yana kallona yana girgiza kai. Siririyar ta ƙarshe ta tsinke ta yanke ni a yatsa, kuma duk Inugu yanzu ba a samun irinta. Don haka za ka tarar ɗaya babu. Fatakwal garin jiragen ruwa ne, can ba za a rasa ba.

Ban ce dole ka tafi Fatakwal ba. In na ce haka, na sake ɗinke maka hannun riga ke nan. Ka sauka Anaca, ka gaida Baffanka, ka kwana biyu ka taya shi ɗora kwano, don yana da haƙƙi a kanmu, kuma bai taɓa nufin kowa da sharri ba. Na riga na aika masa cewa zaɓi naka ne, kuma in yana da magana ni zai yi wa, wannan karon ina da amsa. In ka ga ciniki ne ya kwanta maka, Allah ya sa albarka. In kuwa zuciyarka na wurin masu kiɗan nan, akwai motocin da ke bi ta Owerri, ka hau da yardata da ta innarka, ba a ɓoye ba. An ce min har a gidajen silima suke kaɗawa kafin a fara majigi. In tsohuwar silimar kusa da unguwar Hausawa ta tsira, ka leƙa min bencin baya.

Abin da na roƙe ka kaɗan ne. Salla a kan lokacinta, ko ana tsakiyar kiɗa ka san yadda za ka yi. Inda ake kiɗa akwai kwalba, ka bar ta a inda ka gan ta. Kada ka wasa azzalumi don ya yi maka liƙi, kada ka zagi ƙabilar kowa a waƙa, ka ga abin da baki ya jawo wa ƙasar nan, ka kuma ga waɗanda suka raka mu tasha. Ka nemi unguwar Hausawa ka gaida manya, ka ce kai jikan mahaucin bakin famfo ne, za a samu mai tunawa. Ka ci da dama, ka gaisa da dama, ka karɓa da dama, wannan koyarwar addini ce da ladabi. Sauran kuwa, wanda ya halicci hagu bai yi kuskure ba.

Emeka yana gaishe ka. Ya ce in koma fili in taya shi riƙon yaran, shi koci ni mai lemu, kuma na yarda. Innarka ta sa maka dambun nama a ƙasan jakarka, ta ce kada ka raba wa 'yan mota duka.

Allah ya kai ka lafiya, ya saukar da kai a hannun mutanen kirki. Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah ya sa ƙasar nan ta ga ƙarshen zubar da jini, kada ku ga abin da muka gani. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min.

In ka sauka ka rubuto. Kuma ka riƙe alƙalamin da hannun da Allah ya ba ka, ko da zai fito a karkace da farko. Na haife ka, na raine ka, amma ban taɓa ganin rubutunka na gaskiya ba, ina so in gani tun idona na gani.

Mahaifinka,
Sule mai albasa.